Alƙali Biyu a Gari Ɗaya: Shari'ar Mutanen Maya da Dokar Gwamnati a Gwatemala

A shekarar 2002 aka yi fashin wata motar a-kori-kura a yankin Santa Cruz del Quiché, can cikin tsaunukan yammacin Gwatemala. Shugabannin gargajiya na ƙauyukan wurin suka kira taro a wani ƙauye mai suna Payajxit, jama'a suka hallara, aka baje maganar a fili da harshen K'iche', ɗaya daga cikin harsunan mutanen Maya, 'yan asalin ƙasar. Ɗaya daga cikin waɗanda ake zargi ya amsa laifinsa, ya nemi gafara, ya ɗauki alkawarin biyan mai motar, aka yi masa bulala kamar yadda al'adarsu ta tanada. A wurin mutanen ƙauyen magana ta mutu ke nan. A wurin gwamnati kuwa ko farawa ba a yi ba. Aka gurfanar da mutumin gaban kotu, aka yanke masa ɗaurin shekara 6. Sai a watan Oktoba na 2004 Kotun Ƙolin ƙasar ta rushe wannan hukunci, ta ce a sake shi, domin ba a hukunta mutum sau biyu a kan laifi ɗaya.

Hujjar kamar ba wata babba ba ce, duk wanda ya taɓa zama a ajin koyon aikin lauya ya san ta. Amma kafin a ce an yi sau biyu, dole a yarda an yi na farko. Wato Kotun Ƙoli ta amince cewa zaman da aka yi a filin ƙauye, babu alƙali mai albashi, babu lauya, babu takardar tuhuma, shari'a ce, abin da aka yanke kuma hukunci ne. Alhali kundin tsarin mulkin ƙasar na 1985, a sashe na 203, cewa ya yi ikon shari'a na Kotun Ƙoli ne da sauran kotunan da doka ta kafa, su kaɗai, kuma babu wata hukuma da za ta sa baki a ciki. Fiye da shekara 20 bayan wancan hukunci, sashen yana nan yadda yake. Gwatemala na tafiya ne da wata shari'a da manyan kotunanta suka yarda da ita, majalisar dokokinta kuma ta ƙi rubuta ta.

Ƙidayar 2018 ta nuna mutum miliyan 14.9 a ƙasar, kusan kashi 42 cikin 100 kuma sun ce su 'yan Maya ne, sama da miliyan 6 ke nan, ko da yake shugabanninsu na ganin sun fi haka. Ba ƙabila ɗaya ba ce. Harsuna 22 ne, manyansu K'iche', Q'eqchi', Mam da Kaqchikel, mai jin wannan kuma ba lallai ya ji wancan ba. Saboda haka idan aka ce shari'ar Maya, kada a hango wani kundi guda da kowa ke buɗewa. Kowane gari da yadda yake yi. A Totonicapán da Sololá da Chichicastenango tsarin ya daɗe kuma yana da ƙarfi. A wasu wuraren yaƙi ya tarwatsa shi, sai daga baya aka tattara abin da ya saura.

Akwai wata gaskiya da masu son a ɗauki abin a matsayin tsantsar gadon kakanni ba su cika faɗa ba. Majalisar magajin gari ta 'yan asalin ƙasa, wadda ake kira alcaldía indígena, Sifaniyawa ne suka kafa ta a ƙarni na 16, bayan Pedro de Alvarado ya shigo da yaƙi a 1524. Sun raba mulki gida biyu, nasu daban, na 'yan ƙasa daban, suka bar wa na biyun ƙananan shari'o'i muddin haraji da 'yan aikin tilas na zuwa a kan kari. Mutanen Maya suka karɓi kujerar suka cika ta da nasu tsarin, har sandar da Turawan suka kawo a matsayin alamar iko ta koma tasu. Bayan samun 'yancin kai a 1821, musamman daga 1871 da masu gandun gahawa suka riƙe ragamar mulki, sai aƙidar ta koma ƙasa ɗaya, doka ɗaya. A takarda kowa daidai yake da kowa. A ƙasa kuwa an ƙwace filayen al'umma, an tilasta wa mutane aikin gandu, kotu tana birni tana magana da Sifaniyanci. Shi ya sa idan lauya a babban birni ya ce daidaito a gaban doka, manomin Quiché yakan ji wani abu daban da abin da lauyan ke nufi.

A Totonicapán an fi ganin yadda tsarin ke aiki. Akwai haɗaɗɗiyar majalisa da ake kira 48 Cantones, inda kowane ƙauye ke zaɓen shugabanninsa a babban taro. Shekara ɗaya suke yi, babu albashi, mutum ya rage sana'arsa ya yi wa gari hidima, ranar 1 ga Janairu sababbi su karɓi sanda. Su ke kula da ruwan sha da dajin al'umma da hanyoyi, shari'a ɗaya ce kawai daga cikin ayyukansu. Ƙararrakin da suka fi zuwa kuwa na yau da kullum ne: iyakar gona, gado, bashi, rabon ruwa, sare itace ba izini, faɗan mata da miji, uban da ya ƙi ciyar da 'ya'yansa, ƙananan sace-sace. Ana kiran ɓangarorin biyu tare da iyayensu ko danginsu, kowa ya faɗi ta bakinsa, in ta kama a tashi a je a ga wurin da ido, a yi ta juya maganar har ta fito. Dattawa su yi doguwar nasiha, wadda suke kira pixab'. A ƙarshe a rubuta abin da aka cim ma a littafin majalisa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Hukuncin yakan zama mayar da abin da aka ɗauka, ko biyan diyya, ko aikin gayya, ko neman gafara a bainar jama'a. Mai tsanani shi ne a yanke wa gida ruwan famfo, ko a kori mutum daga gari. Ɗaurin shekaru ba ya cikin tsarinsu, kuma suna da hujja: wanda aka ɗaure ba ya biyan wanda ya cuta, ba ya ciyar da iyalinsa, sau da yawa kuma yakan fito ya fi da lalacewa.

A ɗaya gefen, talakan ƙauye mai neman haƙƙinsa a kotun gwamnati zai biya kuɗin mota, ya rasa yinin aiki, ya nemi lauya, ya tsaya gaban alƙalin da ba ya jin harshensa. Dokar harsunan ƙasa ta 2003 ta ce a yi wa kowa hidima da harshensa, amma tafintocin ba su taɓa isa ba. An daɗe ana ƙiyasta cewa sama da kashi 90 cikin 100 na manyan laifuka a ƙasar ba a hukunta kowa a kansu. Wanda ya kai kukansa gaban mai sanda ba lallai son al'ada ne ya kai shi ba. Sau tari nan ne kaɗai ƙofa take a buɗe.

To da wace hujja kotuna suka kauce wa sashe na 203? Da kundin kansa. Sashe na 66 ya ce gwamnati ta amince da al'adu da tsarin zaman al'ummomin asali, za ta mutunta su ta kuma bunƙasa su. Sashe na 46 ya ce yarjejeniyoyin duniya kan haƙƙin ɗan Adam suna gaba da dokokin cikin gida. A 1996 kuma Gwatemala ta rattaba hannu kan Yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce a mutunta hanyoyin da al'ummomin asali ke bi wajen hukunta 'ya'yansu, muddin ba su ci karo da haƙƙoƙin ɗan Adam ba, ta kuma ce a fifita wani hukuncin a kan ɗauri. Alƙalin da ke son ya amince da hukuncin ƙauye sai ya haɗa waɗannan ya gina hujjarsa. Wanda ba ya so sai ya buɗe sashe na 203 ya karanta. Dukansu biyun da kundi ɗaya suke riƙe, kuma nan ne matsalar take.

An yi niyyar toshe wannan ɓaraka tun da wuri. Yaƙin basasar ƙasar ya ɗauki shekara 36, daga 1960 zuwa 1996. Hukumar gano gaskiya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta mara wa baya ta ƙiyasta mutum kusan 200,000 da aka kashe ko aka ɓatar, ta ce kashi 83 cikin 100 na waɗanda aka tantance 'yan Maya ne, kashi 93 na ta'asar kuma dakarun gwamnati da 'yan korensu ne suka aikata. Cikin yarjejeniyoyin sulhu akwai ta ranar 31 ga Maris 1995 kan haƙƙin al'ummomin asali, inda gwamnati ta ɗauki alkawarin sama wa dokokin al'ada gurbi. Aka tattara gyare-gyaren kundin, kimanin 50, aka kai ƙuri'ar raba gardama ranar 16 ga Mayu 1999. Masu adawa suka yi ta yaɗa cewa za a yayyaga ƙasar, za a mai da waɗanda ba 'yan asali ba saniyar ware. Waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai kashi 19 cikin 100 ba, kuma "a'a" ta yi nasara, musamman da ƙuri'un babban birni. Abin da ya biyo baya guntu-guntu ne. Dokar ƙananan hukumomi ta 2002, alal misali, ta amince da majalisun 'yan asali a matsayin wakilan jama'arsu, amma ba ta ce su alƙalai ba ne.

Mai karatu a Kano ko Zariya zai iya cewa, mene ne abin wahala a nan? Ai kundin tsarin mulkin Najeriya da kansa ya tanadi kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci da ta al'ada. Bambancin shi ne waɗannan kotunan gwamnati ne, ita ke naɗa alƙalansu, ita ke biyansu. Gwatemala ta gwada mai kama da haka a 1997, ta kafa kotunan sulhu na al'umma a ƙananan hukumomi 5, ta naɗa 'yan gari masu jin harshen wurin su yi hukunci da la'akari da al'ada. Shugabannin Maya da dama ba su yi murna ba. Cewa suka yi mu da muke da namu masu sanda, me ya sa za a kawo mana wasu da hatimin gwamnati? Buƙatarsu a amince da hukumar da jama'a suka zaɓa da kansu, wadda ba ta karɓar umarni daga Kotun Ƙoli. Gwajin bai wuce waɗancan garuruwa 5 ba.

Babban makamin masu adawa shi ne hoton taron jama'a sun zuba wa ɓarawo fetur. Kuma abin ya faru, ba sau ɗaya ba. Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta sa ido kan sulhun ta ƙirga sama da karo 400 na ɗaukar doka a hannu tsakanin 1996 da 2001, aka kashe sama da mutum 200. A 2001 har wani alƙalin gwamnati aka kashe haka a garin Senahú. Jaridun birni suka riƙa kiran wannan shari'ar Maya. Amma binciken tawagar ya nuna abin ya fi yawa a yankunan da yaƙi ya fi yi wa ɓarna, inda sojoji suka kashe dattawa ko suka ture su, suka tilasta wa ɗaruruwan dubban maza shiga ƙungiyoyin sintiri, suka koya wa mutane azabtarwa da kisa a bainar jama'a. A lokuta da yawa tsofaffin 'yan sintirin ne ke ingiza taron. Inda masu sanda ke da ƙarfi kuwa, su ne kan shiga tsakani su ƙwaci wanda ake zargi. A 2003 a ƙauyen Chiyax na Totonicapán, wasu mutum 3 da ake zargi da sata sun tsallake rijiya da baya a hannun jama'a, daga baya kotun lardin ta yarda aka mayar da shari'arsu gaban shugabannin al'umma, aka yanke musu aikin gayya. A nawa ganin, ƙone mutum alama ce ta wurin da dokar gwamnati ba ta iso ba, ta gargajiya kuma aka karya ta.

Maganar bulala ta fi wannan wuya, domin ita kam cikin tsarin take a wasu garuruwa. K'iche' na kiran ta xik'ay, ana yin ta da tsumagiya, galibi iyaye ko dattawa ke yi, tare da nasiha. Masu kare ta na cewa manufarta kunya da gyara. Masu suka na cewa duka duka ne, kuma yarjejeniyoyin da aka dogara da su wajen kare shari'ar Maya su ne dai suka haramta azabtarwa da wulaƙanci. Su kansu 'yan Maya ba bakinsu ɗaya ba, akwai masu cewa bulala gadon Sifaniyawa da masu gandu ce, akwai garuruwan da ba sa yin ta sam. Kotun Tsarin Mulkin Kolombiya ta fuskanci irin wannan tambaya a 1997 game da al'ummar Nasa, ta ce bulalarsu ba ta kai azabtarwa ba. Ni dai abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mutumin da tsumagiya ke tayar wa hankali ba ya ko ɗaga gira idan aka jefa matashi gidan yarin da ya cika ya batse, ya shekara yana jiran a fara sauraron shari'arsa. Wannan ba ya wanke bulala. Yana dai nuna cewa ba da mudu ɗaya ake awon ba.

Shari'ar da ta fi kowace tsaya wa masu goyon baya a maƙogwaro ita ce ta Comitancillo, garin 'yan Mam a lardin San Marcos. Wani yaro da bai kai shekarun balaga a doka ba ya yi wa yarinya 'yar shekara 10 fyaɗe. Majalisar shugabannin ƙauyuka ta zauna, ta yanke cewa ya durƙusa ya nemi gafarar yarinyar da iyayenta, iyayensa su yi masa bulala, gidansu kuma su ɗauki nauyin maganinta. Alƙalin kotun yara ya ce tunda an riga an yi hukunci, ya rufe fayil. Masu gabatar da ƙara suka ƙi yarda, aka yi ta hawa har Kotun Tsarin Mulki, wadda a ranar 10 ga Maris 2016 ta tsaya a kan cewa hukuncin al'umma ya zauna. Ta kuma shimfiɗa ma'aunin gane hurumin shari'ar gargajiya: waɗanda abin ya shafa su zama 'yan al'ummar, abin ya faru a yankinta, a sami hukuma da tsarin da jama'a suka sani suka kuma yarda da shi, rikicin ya taɓa abin da al'adar ke karewa, sannan kada a take haƙƙin ɗan Adam.

Lauyoyin 'yan asali sun ɗauki wannan a matsayin babbar nasara, kuma ta fuskar doka haka ne. Amma yarinyar fa? 'Yar shekara 10 ba ta da bakin cewa ta yafe ko ba ta yafe ba. Manya ne suka yi magana a madadinta, a gaban taron da galibinsa maza ne, a garin da za ta ci gaba da haɗuwa da yaron a hanya. Sulhu na da kyau tsakanin maƙwabta biyu masu jayayya kan iyakar gona, domin ƙarfinsu kusan ɗaya ne. Idan ɗaya ɓangaren yarinya ce, ko matar da mijinta ke duka kuma ba ta da inda za ta, zaman lafiyar gari na iya zama sunan da aka laƙaba wa shirunta. Dokar 2008 kan kisan mata da cin zarafinsu ta faɗa ƙarara cewa ba a fakewa da al'ada ko addini a irin waɗannan laifuka. Ga doka ta ce haka, ga hukuncin babbar kotu ya ce wancan, babu kuma dokar da ta fayyace wa zai ja baya.

Kada kuma a ɗauka matan Maya jira suke a cece su daga al'adarsu. Da yawansu a cikin majalisun suke fafutuka, kuma sun fara karɓar sanda: a 2012 mace ce ta shugabanci 48 Cantones. Sun kuma san hanyar kotun gwamnati idan ita ce ta dace. A watan Fabrairu na 2016, matan Q'eqchi' na ƙauyen Sepur Zarco suka yi nasara a kan wani tsohon hafsan soja da wani tsohon wakilin soja a ƙauye, waɗanda suka bautar da su lokacin yaƙi, aka yanke wa ɗaya shekara 120, ɗayan 240. Abin da ƙungiyoyin matan ke nema shi ne kada a rufe wa mace ɗaya ƙofar don an ce ta riga ta shiga ɗayar. A nan nake ganin rashin rubuta abin a kundi ya fi cutar da mai rauni. Ƙin amincewa bai hana majalisun zama ba, kullum suna zama. Abin da ya hana shi ne a zauna a shata iyaka: wane laifi ne ba a sulhu a kansa, ina wanda bai gamsu ba zai kai kuka, wa zai duba ko an saurari yarinya.

An sake gwadawa a 2016. Shugabannin ɓangarorin gwamnati uku suka ƙaddamar da tattaunawar gyara fannin shari'a, da goyon bayan babbar mai gabatar da ƙara Thelma Aldana da Iván Velásquez, shugaban hukumar CICIG mai yaƙi da rashin hukunta masu laifi. Cikin daftarin da aka kai majalisa a watan Oktoba akwai gyaran sashe na 203, wanda zai ce shugabannin gargajiya na da ikon shari'a bisa tsarinsu, muddin bai saɓa wa kundin da haƙƙin ɗan Adam ba, Kotun Tsarin Mulki kuma na iya duba hukuncinsu. Ƙungiyar manyan 'yan kasuwa, CACIF, ta fito ta ce wannan zai jefa ƙasa cikin rashin tabbas na doka. 'Yan majalisa suka yi ta jan ƙafa, yau a rasa adadin da ake buƙata, gobe a ɗage zama. A watan Maris na 2017 shugabannin 'yan asali da kansu suka ce a cire sashen nasu, don kada a fake da shi a kashe sauran gyare-gyaren da suka shafi naɗin alƙalai. Aka cire, sauran ma aka bar su suka mutu. A 2019 gwamnatin Jimmy Morales ta sallami CICIG baki ɗaya.

Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Mai kamfanin siminti ko na wutar lantarki ba ya rasa barci don an yi wa ɓarawon kaji bulala a Quiché. Abin da ke damunsa shi ne hurumi a kan ƙasa. Idan kundi ya ce majalisar ƙauye hukuma ce mai ikon yanke hukunci a yankinta, gobe za ta ce kogin nan ba a tare shi, dutsen nan ba a haƙa shi, kuma maganarta na da nauyin doka. An ga alamar haka a garin Sipacapa a watan Yuni na 2005, inda jama'a suka kaɗa ƙuri'a suka ƙi mahaƙar zinariya ta Marlin. A 2007 Kotun Tsarin Mulki ta ce suna da 'yancin faɗin ra'ayinsu, amma ra'ayin bai ɗaure gwamnati ba, aka ci gaba da haƙa. Garuruwa da dama sun bi sahun Sipacapa bayan nan. Duk wanda ya karanta muhawarar 2017 bai ga ma'adinai da madatsun ruwa a bayanta ba, rabin labarin ya karanta.

Sai dai rubutawa a kundi ma ba ita ce ƙarshen magana ba, maƙwabta sun nuna haka. Kolombiya ta rubuta a 1991, Peru a 1993, Ekwado a 2008. Bolibiya ta fi kowa zaƙewa a 2009, ta ce shari'ar 'yan asali da ta gwamnati matsayinsu ɗaya, sai ga dokar 2010 ta zare kisa da fyaɗe da cin hanci da ma'adinai da wasu da yawa daga hannunsu, har masu suka na cewa ba a bar musu komai ba sai ƙananan rigingimu. A Ekwado kotu ta yanke a 2014 cewa duk laifin da ya shafi rai na gwamnati ne. Su kansu 'yan Maya na wasu ƙasashen ba su tsira ba. A jihar Quintana Roo ta Meziko dokar 1997 ta samar da alƙalan gargajiya, amma babbar kotun jiha ke naɗa su, ƙananan ƙararraki kawai suke ji. A kudancin Beliz doka ta daɗe da ba masu sanda ikon ƙananan shari'o'i, duk da haka a 2015 aka kama mutum 13 na ƙauyen Santa Cruz saboda sun tsare wani da ya yi gini a wurin tarihi na Uxbenká, sai a shekarar da ta biyo aka janye tuhumar. Shi ya sa wasu dattawan Gwatemala ke ɗari-ɗari da dokar da za ta shata musu iyaka. Suna tsoron a ba su suna a karɓe aikin. Tsoron na da tushe, ko da yake ban ga yadda za a kare irin yarinyar Comitancillo ba tare da an shata wata iyakar ba.

Abin da ake da shi yanzu zaman fahimtar juna ne da ya dogara da halin mutane. Ofishin lauyoyin da ke kare marasa galihu yana da sassa na musamman don 'yan asali, hukumar kula da kotuna da ofishin mai gabatar da ƙara ma sun buɗe nasu. A wani lardin alƙali da magajin gari na aika wa juna ƙararraki, wannan ya ce wannan taka ce, wancan ya ce wannan ta fi ƙarfina. A wani lardin kuwa magajin garin da ya tsare ɓarawo kwana ɗaya kafin taro na iya tsintar kansa ana tuhumarsa da tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba. Aka yi wa alƙali canjin wurin aiki, sai a koma farko.

Siyasar 'yan shekarun nan ta ƙara dagula lissafin. Bayan Bernardo Arévalo ya ci zaɓen shugaban ƙasa na 2023, ofishin babbar mai gabatar da ƙara Consuelo Porras ya shiga neman hanyar rushe sakamakon. Ranar 2 ga Oktoba, 48 Cantones da majalisar 'yan asali ta Sololá da takwarorinsu suka kira zanga-zanga, aka toshe manyan hanyoyi, masu sanda suka yi zaman dirshan a ƙofar ofishin nata kwana 106, har aka rantsar da Arévalo a tsakiyar Janairun 2024. Mutanen da kundin bai yarda su yanke hukunci ba su ne suka tsaya wa kundin a lokacin da kotuna da yawa suka noƙe. A watan Afrilu na 2025 aka kama Luis Pacheco, wanda ya shugabanci 48 Cantones lokacin zanga-zangar kuma daga baya ya zama mataimakin minista, tare da Héctor Chaclán na majalisar tasu, aka tuhume su da ta'addanci. Ofishin da ya shigar da wannan tuhuma shi ne dai wanda magajin garin ƙauye zai miƙa wa mai kisa ko mai fyaɗe a duk ranar da ya ga shari'ar ta fi ƙarfin sandarsa.